Bakaniken Damargu da awon ƙarfin mota

A Tanut ta ƙasar Damargu, kan hanyar RN11 da ta haɗa Damagaram da Agadas, mai hankali ba ya biyan kuɗin tsohuwar mota sai bakanike ya hau ta. Land Cruiser ce ko Hilux, fenti bai dami mai saye ba. So yake ya san ko za ta ɗauki buhunan gero da awaki ta ratsa yashin Belbeji ba ta kafe ba.

Garejin bakaniken babu injin awo irin na manyan kamfanoni. Kunnen maigida ne ma'auni, sai kuma gadon bayansa. Zai sa giya ta uku, ya taka totur har ƙasa, ya saurari yadda kujera ke tura shi. In motar ta yi nishi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, sai ya juyo ga yaronsa: "Kai, zo ka ciro matatar iska." Sau da yawa ƙurar hunturu ce ta shaƙe injin. In ba ita ba ce, sai a duba famfon gazuwal. 

Wannan turawar kujera ita ce ƙaramar na'urar akselerometa ke aunawa, wadda ke cikin wayar yaron, ita ke juya hoto in an karkata wayar. A ɗaure wayar da kyau a mota, a san nauyin motar, lissafi ya fito: mota mai tan 3 da saurinta ke ƙaruwa da mita 1 a daƙiƙa kowace daƙiƙa, tana kan kilomita 54 a awa, ta zuba wat 45,000 wajen ƙara gudu, kusan ƙarfin doki 60. Injin 1HZ na Land Cruiser yana ba da wajen 130 in yana da lafiya.

Ina son matasan gareji su koyi wannan, domin lamba tana raba gardamar ciniki. Sai dai awon na buƙatar shimfiɗaɗɗiyar kwalta da nauyi na gaskiya, har da fasinja da kaya. A cikin yashi taya na juyawa a banza, wayar ta nuna injin ya gaji alhali ƙalau yake. Can sai a rage iskar taya, a sa taya huɗu su ja, maigida ya sake saurara.