Sunayen Ƙurajen Ƙaiƙayi Da Bambancinsu

Mutum ya kan je gaban likita ya ce ƙaiƙayi ke damunsa. To, ƙaiƙayi alama ce kurum. Larabawa na ce da shi hikka, kuma saboda shi ne Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa Zubairu da Abdurrahmanu ɗan Aufu rangwame su sa alharini, kamar yadda Buhari da Muslimu suka ruwaito. Abin da likita ke nema shi ne sunan cutar da ta jawo shi, gama kowane suna da maganinsa.

In fata ta yi rudu-rudu farat ɗaya, sa'an nan ta kwanta kafin kwana ya kewayo, wannan borin jini ne, watau shara da Larabci. Sau da yawa abinci ko magani ke ta da shi, ba a kuwa ɗaukarsa. Makero shi ne ƙuba, mai fitowa a kewaye kamar kwabo.

Wadda ta fi damun makarantun allo da masaukin fatake ita ce ƙazwa, watau jarabu. Wani ɗan ƙwaro ne, da ƙyar ido ke ganinsa, macen ta kan haƙa rami cikin fata ta yi ƙwai. Ibnu Zuhri, likitan Andalus wanda ya rasu a 1162, ya siffanta shi tun tuni. Ƙurajenta na fitowa tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da kewayen cibiya, ƙaiƙayin kuwa ya fi tsanani da dare. Wanda ya fara kamuwa ya kan yi mako huɗu zuwa shida kafin ya soma susa, alhali yana ba abokan shimfiɗarsa. Saboda haka likitoci suka ce a shafa wa duk mazauna ɗaki magani rana ɗaya, ko man farar wuta ko wanda asibiti ta bayar, a wanke tufafi da ruwan zafi. In an bar yaro yana susa har ƙurajen suka yi mugunya, ciwon ya kan taɓa ƙoda.

'Yan tireda kuwa su yi hattara da man da ake saida wa kowa da sunan maganin ƙaiƙayi. Waɗansu irinsa suna kwantar da susa kwana biyu, amma makero ƙara faɗi ya ke yi a ƙarƙashinsu, ƙwaron ƙazwa kuma yana nan da ransa.