Ɗakin da Ya Kwana Ba Baƙo

Ɗan kasuwar Kantin Kwari in ya wuni bai yi ciniki ba, zai ja ƙofar shago ya tafi gida, shaddarsa na nan tana jiran gobe. Mai otal ba shi da wannan gatan, domin hajarsa dare ce. Ɗakin da ya kwana ba baƙo ranar Talata, kuɗinsa ya tafi ke nan, ko da Laraba an cika maƙil. Ko mai tumatir a 'Yankaba ya fi shi sauƙi, don in ya yi kwantai yana iya yankawa ya shanya.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin a Najeriya shi ne janareto bai san yawan baƙi ba. Ko mutum biyar ne a otal mai ɗaki sittin, dole a kunna shi, firjin kicin ya yi sanyi, a jawo ruwa daga rijiyar burtsatse, fitilun harabar su haska. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, litar man dizal da ake saye wajen naira 300 ta haura 700. Masu otal suka koma dogaro da wutar gwamnati, sai ga shi a Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane ma'auni. Manyan otal-otal da dama a wannan rukunin suke. Gaba kura, baya sayaki.

Shi ya sa a ƙananan masaukai za ka tarar da takarda manne a gaban teburin karɓar baƙi, an rubuta lokacin da ake tada janareto da lokacin da ake kashe shi. Ɗaki mai fanka kuɗinsa daban, mai na'urar sanyaya ɗaki daban, alhali gado ɗaya ne, katifa iri ɗaya. A gaskiya wuta ake sayar wa baƙo, gadon gyara ne.

Faɗuwar naira ta zo ta ɗora nata. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a 2024, kuma kayan gyaran injina da na'urori yawanci daga waje ake kawo su.

To, su wa ke kwana a ɗakunan? A Arewa 'yan yawon buɗe ido ba su ne ginshiƙi ba. Jami'an gwamnati ne, da 'yan kwangila, da 'yan siyasa, sai kuma masu bita. Transcorp Hilton na Abuja, wanda aka buɗe a 1987 kuma yake da ɗakuna sama da 600, ya daɗe da zama dandalin ganawar manya. A Maiduguri kuwa ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ne suka riƙe otal-otal tsawon shekaru. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta hannun USAID a farkon 2025, duk otal ɗin da ya saba cin abinci daga tarurrukan bita ya san an taɓa masa tukunya.

Sai matsalar tsaro. Harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022 ya tsayar da zirga-zirgar jirgin har zuwa Disamba, kuma baƙon da bai iya zuwa ba ai ba zai kama ɗaki ba. Kano ma ta ga nata abin takaicin. A Disamban 2024 UNESCO ta sanya hawan dabar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, abin da ya isa ya cika masaukan birnin da baƙi. Ƙaramar Sallar da ta biyo baya, ba a yi hawan ba saboda rikicin masarauta.

Dabarar da ta fi ceton masu otal a nan ita ce zauren taro. A Legas mashaya na kawo wa otal kuɗi mai kauri, a Kano kuwa shari'a ta rufe wannan ƙofar. Sai biki ya cike gurbin. Kamu, dina, walimar saukar karatu, taron jam'iyya: zauren da aka kama da yamma ɗaya yana iya kawo abin da ɗakuna da yawa ba su kawo ba a daren. Ga dangin ango da suka zo daga nesa, su ma sai an sauke su. Sai dai wuraren biki masu zaman kansu sun yi yawa yanzu, kuma su ba su da ɗakunan da za su riƙa sanyayawa a banza.

Tsofaffin otal-otal na gwamnati ba su kai ga wannan zamanin da ƙafafunsu ba. Hamdala ta Kaduna, abin alfaharin Jihar Arewa a da, ta daɗe da rasa martabarta. Durbar, wadda aka gina don bikin FESTAC na 1977, ta yi shekaru a yashe kafin a rushe ta a Janairun 2020.

Sabuwar kishiyar kuwa ba ta ma da allon suna a bakin titi. Gidaje ne da aka ƙawata a unguwannin Abuja irin su Wuse, Jahi ko Gwarinpa, ana bayar da su haya na kwana biyu ko mako, ana tallar su a Instagram da Airbnb. Iyali mai mutum shida zai kama gida guda mai falo da kicin, uwargida ta dafa abin da yara suka saba ci, maimakon ɗakunan otal uku. Mai gidan ba ya ɗaukar ma'aikata arba'in, kuma sau da yawa masu karɓar harajin jiha da na ƙaramar hukuma, waɗanda ba sa ɓatan hanyar otal, ba su san da zamansa ba.

Otal ɗin da ya shiga intanet don ya yi gogayya, shi ma da sharaɗi. Shafuka irin su Booking.com kan yanki kamasho na wajen kashi 15 cikin ɗari a kan kowane ɗaki, kuma baƙo ɗaya da ya rubuta cewa an ɗauke wuta da tsakar dare yana iya korar goma. Don haka ne ma'aikacin teburin baƙi kan miƙa wa mai tafiya lambar WhatsApp, ya roƙe shi in zai dawo ya kira kai tsaye, za a yi masa ragi. A saman rufin kuma, inda a da tankin ruwa da faifan tauraron ɗan Adam kaɗai ke zaune, yanzu faifan sola ne ke ta cin wuri, layi bayan layi.