Boeing 737, Airbus A320, ATR 72: me lambobin jiragen sama ke nufi?

A ranar 10 ga watan Maris na 2019, wani jirgin kamfanin Ethiopian Airlines da ya tashi daga Addis Ababa zuwa Nairobi ya faɗi mintoci kaɗan bayan tashinsa, mutane 157 suka rasu. Watanni biyar kafin nan, irinsa ya faɗi a Indonesiya da mutane 189. Duka biyun samfurin Boeing 737 MAX 8 ne. Cikin ƴan kwanaki ƙasashen duniya suka hana wannan samfurin tashi. Amma Boeing 737-800, wanda sunansa ya yi kama da shi, ya ci gaba da jigilar mutane, kuma wasu matafiya suka shiga ruɗani. Ƴan magana na cewa kama da wane ba wane ba ne. Manhajar MCAS da bincike ya gano tana tura hancin jirgin ƙasa, a cikin MAX take, babu ita a cikin 737-800. Ga mai yankar tikiti daga filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai, sanin karatun waɗannan lambobi ya fi sauraron jita-jita amfani.

Yadda Boeing ya kama lamba bakwai

Bayan yaƙin duniya na biyu, kamfanin Boeing na Amurka ya raba wa kayan da yake ƙerawa lambobi ɗari-ɗari. Jerin 300 da 400 na jiragen sama ne, 500 na injuna, 600 na rokoki da makamai masu linzami, 700 kuma aka ajiye wa jiragen jigila masu injin jet. Da jirgin farko na wannan rukuni ya kusa fitowa, masu kula da talla suka ga cewa "700" bai da daɗin faɗi, sai suka zaɓi 707. Shi ne ya fara ɗaukar fasinjoji daga New York zuwa Paris a watan Oktoba na 1958, a hannun kamfanin Pan Am.

Da 707 ya samu kasuwa, sai kamfanin ya riƙe salon: bakwai a farko, bakwai a ƙarshe, lambar tsakiya ce ke sauyawa. Aka samu 727, 737, 747, 757, 767, 777 da 787. Lamba 717 da farko an ba wa wani jirgin soja mai zuba wa jirage mai a sararin sama. Bayan da Boeing ya haɗe da McDonnell Douglas a 1997, sai ya liƙa ta ga jirgin MD-95 da ya gada. Yanzu 797 kaɗai ta rage a jerin.

Airbus ya fara da yawan kujeru

A Turai, kamfanin Airbus, wanda aka kafa a 1970 kuma babbar masana'antarsa ke Toulouse a Faransa, ya bi wata hanya. An tsara jirginsa na farko don ɗaukar mutane 300, shi ya sa aka sa masa A300: harafin A na Airbus, 300 na kujeru. Daga baya aka rage kujerun zuwa kimanin 250, amma sunan ya zauna. Jirgin ya fara tashi a watan Oktoba na 1972.

Daga nan sai kamfanin ya dinga ƙara goma: A310, A320, A330, A340. Maganar kujeru ta ƙare ke nan, domin A320 bai wuce ɗaukar mutane 180 da wani abu ba. A cikin gidan A320 lambar ƙarshe na nuna tsawon jiki: A321 ya fi tsawo, A319 gajere ne, A318 shi ne ƙaraminsu. Da aka ƙera babban jirgi mai hawa biyu, sai aka tsallake zuwa A380, saboda lamba 8 ta yi kama da bene kan bene, kuma ana ɗaukarta lambar sa'a a wasu ƙasashen Asiya da ake neman kasuwarsu. A220 kuwa ba haifaffen gidan ba ne: kamfanin Bombardier na Kanada ya ƙera shi da sunan CSeries, Airbus ya sauya masa suna a 2018.

Inda lamba ke nuna kujeru da gaske shi ne ƙananan jirage. ATR 42 da ATR 72, na haɗin gwiwar Faransa da Italiya, an sa masu suna bisa yawan mutanen da aka tsara su ɗauka. Haka ma Fokker 50, jirgin ƙasar Holan mai farfela biyu da Niger Airlines ya yi aiki da shi a zirga-zirgar cikin gida: kujerunsa kimanin 50 ne.

Babbar lamba ba ta nufin babban jirgi ko sabo

Nan ne mutane suka fi kuskure. Boeing 747, mai doro a gaba, wanda ya daɗe yana kai alhazai Jidda, ya fi 757 da 767 girma nesa ba kusa ba. 777 ya fi 787 girma. A380 ya fara tashi a 2005, shekaru takwas kafin A350. An daina ƙera 757 tun 2004, an miƙa 747 na ƙarshe a watan Janairu na 2023, alhali 737 da ya fara tashi a 1967 har yau ana ƙera shi. Lambar farko sunan gida ce kawai, kamar yadda kaka da jika ke amsa suna ɗaya.

Bayanin yana wutsiyar suna

Abin da ke bayan ɗan layin nan shi ke bambanta jirgi da ɗan uwansa. A 777-200 da 777-300, na biyun ya fi tsawo. Haruffan ER da LR taƙaitawar Turanci ce mai nufin dogon zango. Kalmar neo a bayan A320 na nufin an sa masa sabbin injuna masu rage shan mai, kuma abin da MAX ke nufi ke nan a gidan 737.

Shekaru da dama Boeing na saka lambar mai saye a ƙarshen suna. Air France na da 28, Ethiopian 60, Royal Air Maroc B6, Turkish Airlines F2. Saboda haka 737-8B6 jirgi ne samfurin 737-800 da aka ƙera wa kamfanin Maroko, kuma lambar na bin sa ko da an sayar da shi ga wani. Boeing ya bar wannan al'ada daga kan 787. Airbus kuma injin yake nunawa: a A330-243, lamba 2 ta samfuri ce, 4 na nufin injin Rolls-Royce, 3 kuma nau'in injin.

Lambobin da ba na samfuri ba

Akwai wasu lambobi biyu da ake haɗawa da waɗannan. Ta farko lambar tafiya ce. Jirgin UTA da aka tarwatsa da bam a sararin hamadar Tenere ranar 19 ga Satumba na 1989, inda mutane 170 suka rasu, an san shi da lamba 772. Wannan lambar tafiyarsa ce daga Brazzaville zuwa Paris ta N'Djamena. Jirgin kansa DC-10 ne na McDonnell Douglas, ba shi da alaƙa da jerin Boeing.

Ta biyu lambar rajista ce da ake rubutawa kusa da wutsiya, kamar lambar mota. Ta Nijar na farawa da 5U, ta Najeriya 5N, ta Cadi TT, ta Habasha ET, ta Faransa F. Mai jirgi na iya raɗa masa suna kuma: jirgin fadar shugaban ƙasa da aka saya a 2014, Boeing 737-700, an sa masa Mont Gréboun, wanda ya gada kuma 737-200 ne mai suna Mont Baguezane.

A kan takardar tafiya sau da yawa gajeren suna ake sawa: 738 ko 73H na nufin 737-800, 7M8 kuma MAX 8. Shi MAX an gyara manhajarsa, Amurka ta sake ba shi izinin tashi a watan Nuwamba na 2020. Wanda bai ga komai a tikitinsa ba, ya duba katin bayanin kariya da ke aljihun kujerar gabansa: sunan samfurin jirgin na rubuce a samansa.