Wiki da Koyar da Rubutun Haɗin Gwiwa a Manyan Makarantu

Wiki wani nau'in shafi ne na intanet da aka tsara shi ta yadda mutane da yawa za su iya rubutu a cikinsa, su gyara abin da wani ya rubuta, su ƙara ko su rage, ba tare da sun naƙalci ilimin tsara manhaja ba, kuma duk sauyin da aka yi yana nan a adane tare da sunan wanda ya yi shi da lokacin da aka yi shi. Wani masanin kwamfuta ɗan Amurka, Ward Cunningham, shi ne ya ƙirƙiro na farko a shekarar 1995 domin masu tsara manhaja su riƙa musayar dabaru, ya kuma aro sunan daga harshen mutanen Hawai, inda kalmar take nufin sauri. Wanda ya fi shahara shi ne Wikipedia, kundin sani da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe a watan Janairun 2001, har ta kai wasu suna zaton wiki da Wikipedia abu ɗaya ne, alhali kuwa malami na iya buɗe wiki na ajinsa kaɗai wanda ba mai shiga sai ɗalibansa.

Jami'o'i ba su yi jinkirin gwada shi ba, domin tun a ƙarshen shekarun 1990 Mark Guzdial da abokan aikinsa a Cibiyar Fasaha ta Jojiya suka gina wani wiki mai suna CoWeb don amfanin darussa, sannan manhajar Moodle, wadda jami'o'i da dama ke gudanar da karatu da ita, tana ɗauke da nata wiki. Akan yi amfani da shi wajen tara bayanan lacca, ko haɗa ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin wani fanni, ko rubuta rahoton gwaji na ɗakin bincike.

Sai dai babban abin da wiki ya zo da shi yana cikin ɓangaren da ake kira tarihin gyare-gyare, wato jerin duk sigogin da shafi ya taɓa kasancewa a cikinsu tun ranar da aka buɗe shi. Duk malamin da ya taɓa ba da jinga ta rukuni ya san cutar da ke tattare da ita: ɗalibi ɗaya ko biyu su kwana suna aiki, sauran su kawo sunayensu da lambobinsu ranar miƙa takarda, a raba maki daidai, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Takardar da aka buga ba ta nuna wanda ya yi me, amma wiki yana nunawa, saboda malami na iya ɗora siga kan siga ya ga wanda ya kawo hujja, da wanda ya sake gina sakin layi, da wanda bai taɓuka komai ba sai sauya waƙafi. Bayan wannan, ɗalibi da kansa yana ganin yadda rubutu ke girma daga tsari mai rauni zuwa mai ƙwari, wanda darasi ne da gyaran jan biro a ƙarshen zango ba ya iya koyarwa. Kuma da yake ana iya maido da tsohuwar siga a kowane lokaci, tsoron ɓata aiki yana raguwa.

Wasu malaman sun fitar da ɗalibansu daga aji zuwa Wikipedia kanta. A 2007 sashen tarihi na Kwalejin Middlebury da ke Amurka ya hana ɗalibai kafa hujja da Wikipedia a rubuce-rubucensu, amma shekara guda bayan haka Jon Beasley-Murray na Jami'ar British Columbia a Kanada ya sa ɗalibansa rubuta muƙalu a kan adabin Latin Amurka a cikinta, uku daga ciki har suka kai matakin fitattun muƙalu, wanda shi ne matsayi mafi girma da editocin kundin ke bayarwa. A 2013 kuma Amin Azzam ya fara wani darasi a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko inda ɗaliban likitanci ke samun maki ta hanyar gyara muƙalun lafiya. Matakan biyu, wato hana kafa hujja da kundin da kuma sa ɗalibai yin rubutu a cikinsa, ba su saɓa wa juna ba, domin ɗalibin da aka tilasta wa kawo madogara ga kowace jimla, wanda kuma wani baƙo ya goge masa sakin layi saboda rashin hujja, shi ne ya fi fahimtar dalilin da ya sa ba a dogara da kundin a bincike mai zurfi.

Duk da haka, manhaja ba ta haifar da haɗin gwiwa da kanta. Sau da yawa ɗalibai kan raba batu gida-gida, kowa ya liƙa nasa kason ya tafi, babu mai taɓa na wani, wani lokaci don kunya ko gudun ɓacin rai, musamman inda ake ɗaukar gyara wa tsara rubutu a matsayin raini. Idan kuma malami ya ce zai ba da maki bisa yawan gyare-gyare, to ya buɗe ƙofar wasa, domin za a cika tarihin shafi da sauye-sauyen da ba su ƙara komai ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a ware maki na musamman ga gyaran aikin wani, a kuma buƙaci a bayyana dalilin gyaran a shafin tattaunawa, wato filin da ke haɗe da kowace muƙala inda marubuta ke muhawara. Wikipedia ma tana da tata iyakar: ba ta karɓar sabon bincike ko ra'ayin marubuci, don haka ba za ta maye gurbin rubutun da ɗalibi ke gina hujjarsa ta kansa ba, kuma muƙalar da aka kwafo daga littafi nauyi ce da ake jibga wa editoci 'yan sa-kai.

Akwai Wikipedia ta Hausa, kuma akwai sassan nazarin Hausa a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, inda ɗalibai ke rubuta jinga a kan mawaƙa da sana'o'i da nahawu, a ba su maki, takardun su ƙare a kabad. Rubutu zalla ba ya cin data kamar bidiyo, ana kuma iya yin gyara da wayar hannu. Ya kamata malaman waɗannan sassa su ɗauki darasi ɗaya a zango, su fara da wiki na aji, sannan su fitar da muƙalun da suka cika sharaɗin madogara zuwa ga masu karatu.