FASHIN BAƘI: Me ya sa shekaru uku na NCE ke komawa shekara ɗaya a ƙofar jami'a?

Daga Tudun Jukun zuwa Gyallesu, inda tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Zariya take, ba tafiya ce mai nisa ba. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a tarar da malamar rabin aji a ƙananan makarantun kuɗi na unguwar riƙe da shaidar NCE a fannin reno da ilimin ƙananan yara, wanda aka fi sani da ECCE. Ranar da ta ɗaura niyyar neman digiri kuwa, sai ta ci karo da wani lissafi mai ɗaure kai: shekaru uku ta yi a kwaleji, amma jami'a shekara ɗaya za ta yafe mata.

Ga yadda abin yake. Mai NCE yana shiga jami'a ta hanyar shiga kai-tsaye ta hukumar JAMB, wato DE, a ajiye shi a aji biyu, ya ƙara shekaru uku. Jimilla shida ke nan, alhali abokin karatunsa na sakandare da ya wuce jami'a tun farko ya gama a huɗu, in ba a yi yajin aiki ba.

Tushen matsalar shi ne, a wannan hanya takardar ake aunawa dunƙule, ba a bin darussan da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya. Hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsara manhajar kwalejoji. Hukumar NUC ke tsara ta jami'o'i. Kowacce da ma'auninta. Don haka ɗalibar da ta karanta yadda ƙwaƙwalwar yaro ke bunƙasa, da koyarwa ta hanyar wasa, ta kuma yi watanni tana gwajin koyarwa, tana iya sake zama a kan kusan waɗannan darussa da sabon suna da sabon kuɗin rajista. A Amurka, jihohi da dama na da yarjejeniya tsakanin kwalejojin shekara biyu da jami'o'i, ana ƙirga wa ɗalibi abin da ya ci kwas-kwas, ya ƙarasa digiri a shekaru biyu. Turai ma na da ma'auni ɗaya, inda karatun shekara ke daidai da maki 60 a kowace ƙasa da ke cikin tsarin.

Shekarun nan biyu da ke zubewa ba ƙaramar asara ba ce. A aikin gwamnati mai NCE kan fara ne daga mataki na 7, mai digiri daga na 8. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Ga matar aure mai goyo kuwa, wadda albashinta na makarantar kuɗi da ƙyar yake kai ta ƙarshen wata, bambancin shekaru biyu da uku shi ne bambancin komawa karatu da haƙura da shi. Ƙasar da dokarta ta ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya renon ƙananan yara cikin ilimin tushe, ita ce kuma ke tsawaita hanya ga masu koyar da su.

Tun kafin a kai ga aji biyun ma akwai tarkuna. Jami'o'i na neman kiredit biyar na sakandare, har da Turanci, da kuma Lissafi a wasu fannoni, a zama bai fi biyu ba, kuma da yawa sun shiga kwaleji ba tare da sun cika su ba. Sai an koma NECO ko WAEC. Ana duba darajar sakamakon NCE ɗin, kowace jami'a da iyakarta. JAMB na son ganin cewa shigar ɗalibi kwalejin tun farko tana cikin rajistarta, sannan tun bayan da aka bankaɗo takardun jabu a wannan hanya ta tsananta tantancewa daga makarantar da ta ba da shaidar. Takarda ɗaya da ta maƙale a ofis tana iya cin shekara guda. Fannin ECCE kuma shi kaɗai ake karantawa, ba a haɗa shi da wani darasin koyarwa kamar Hausa ko Lissafi, don haka ƙofofin da yake buɗewa a jami'a ba su da yawa. Wajibi ne a duba kundin kwasa-kwasan JAMB kafin a sayi fom. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN na ba da digiri a fannin, sai dai mai neman bautar ƙasa ya fara tambayar matsayin ɗalibanta.

Zariya ta daɗe a tsakiyar wannan ja-in-ja. Kwalejin Gyallesu, wadda aka kafa a 1962, ta yi shekaru tana koyar da digiri ƙarƙashin inuwar Jami'ar Ahmadu Bello. A watan Mayun 2015 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ɗaga ta zuwa jami'a tare da ta Kano da Ondo da Owerri, gwamnatin Muhammadu Buhari ta dakatar da matakin cikin 'yan watanni, sai bayan shekaru aka tabbatar mata da sunan Jami'ar Ilimi ta Tarayya. A 2023 kuma aka yi dokar da ta bai wa kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da NCE da digiri da kansu, a 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da fara aiki da ita.

Wannan ci gaba ne, domin idan makaranta ɗaya ce ta koyar da matakan biyu, ba ta da hujjar cewa ba ta san abin da ɗalibarta ta karanta ba. Amma sauya suna a allon ƙofa ba ya rage wa kowa zangon karatu ko ɗaya. Abin da ya kamata ƙungiyoyin ɗalibai da 'yan majalisar da ke wakiltar Zariya su nema a rubuce shi ne jadawalin da ke nuna wane kwas na NCE ne ke maye gurbin wane kwas na digiri, da kuma ko rangwamen zai shafi waɗanda suka kammala tun shekarun baya suna can suna koyarwa, ko kuwa sababbin shiga kawai.