Yadda Ake Zaɓen Jitar Bes Ta Farko Da Kuɗi Kaɗan

A kowace ƙungiyar makaɗa ta zamani, ta makaranta ce ko ta majami'a, akwai mutum ɗaya da ba a cika kallonsa ba, amma in ya daina kiɗa nan da nan waƙa za ta yi salam kamar miyar da ba gishiri. Wannan shi ne mai kaɗa bes. Ɗalibanmu da yawa, maza da mata, suna sha'awar koyonta, sai dai kuɗin da ke hannunsu ko hannun iyayensu ba ya jure asara. Domin haka ya kamata a san abin da ake nema tun kafin a shiga kasuwa.

Jitar bes tana da tsirkiya 4 masu kauri, ana ɗaure su a kan sautin E, A, D da G. Mafi kaurinsu tana girgiza wajen sau 41 a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa ake jin ta har a ƙirji. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ne ya fitar da irin da ta bazu a duniya a shekarar 1951, ya kira ta Precision Bass, a 1960 kuma ya ƙaro Jazz Bass mai siririn wuya. Yawancin waɗanda za ka gani an rataye a shagunan Sabon Gari ko Kaduna kwaikwayon waɗannan biyu ne.

To, mai huɗu za a saya ko mai biyar? Makaɗan majami'u suna son mai tsirkiya 5 saboda ƙarin sautin B da ke can ƙasa, yara kuwa abin da suka gani a hannun manya shi suke so. A ganina mai koyo ya tsaya a kan 4. Wuyanta ya fi sauƙin riƙewa, tsirkiyoyinta sun fi araha, littattafan koyo ma yawanci da ita suke farawa. Tsawon tsirkiya daga wuya zuwa gindi inci 34 ne a yawancinsu, amma akwai gajeru masu inci 30 da suka dace da ɗan aji ɗaya ko mai ƙananan yatsu. Nauyi ma abin lura ne. Bes takan kai kilo 4, wanda zai tsaya da ita awa biyu ranar Lahadi zai ji a kafaɗarsa.

Kada suna ya ruɗe ka. Kamfanonin Yamaha da Ibanez da Cort suna yin masu sauƙin kuɗi don masu koyo, haka ma Squier, wanda yake ƙarƙashin Fender. Amma jabu sun cika kasuwa, rubuta Fender a kan katako ba wuya ba ne. In aka ce maka ta asali ce, kuɗinta kuma bai kai na Squier ba, ka ajiye ta. Araha kuwa ba abin kunya ba ce: Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya sayi Höfner ɗinsa a Hambug ta Jamus a 1961 domin kuɗinsa bai kai na Fender ba, da ita kuma duniya ta san shi.

Mafi yawanmu ta hannu za mu saya, watau gwanjo, irin da ake kawowa daga kasuwar Alaba ta Legas ko wadda wani makaɗi ya gaji da ita. A nan ne ake cin riba, a nan ne kuma ake faɗuwa, kuma duk maganar tana wuyan jitar. Ɗaga ta, ka sa ido daga kai zuwa gindi kamar mai duba miƙewar katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan zuwa gaba daidai ne, domin akwai sandar ƙarfe cikin wuyan da ake juyawa a gyara shi. Amma in wuyan ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, wannan ba shi da magani a wurinmu, ko kyauta aka ba ka wahala ce. Sa'an nan ka danna tsirkiya a ƙarfen farko da na ƙarshe cikin ƙarafunan da aka gitta a wuya, waɗanda makaɗa ke kira firet, ka duba tsakiya. Ratar da ta rage kada ta wuce kaurin katin gayyata. Ka sake ta, ka dubi firet na 12: in tsirkiya ta yi nisa da shi fiye da milimita 3, yatsu za su yi ciwo, mai koyo kuma zai yar da ita cikin wata guda yana cewa ba shi da baiwa, alhali kuwa laifin kayan ne. Ka roƙi mai shago ya juya sandar nan kaɗan a gabanka. In ta ƙi motsi, ciniki ya ƙare.

Bayan haka a haɗa ta da lasifika, a kaɗa kowace tsirkiya daga firet na farko har na ƙarshe, ana sauraren ƙara ko wurin da sauti ya mutu. A juya maɓallan murya, a motsa waya a raminta. Ƙarar maɓalli ko sakin rami ƙaramin aiki ne ga mai gyaran rediyo, sai dai a sa shi cikin ciniki a nemi ragi. Akwai masu amfani da batir mai ƙarfin bolt 9 a bayansu, akwai marasa batir. Marar batir ta fi dacewa da mai koyo, don batir ba ya sallama kafin ya mutu, kuma tsakiyar waƙa ya fi so.

Wani abin da littattafan Turai ba su cika faɗa ba shi ne yanayinmu na Zariya. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iska takan bushe ƙwarai, katako ya tsuke, bakin ƙarafunan wuya su fito suna yankar hannu. Da damina kuma katakon ya sha laima ya kumbura, tsirkiya ta yi tsatsa. Saboda haka wadda aka sayo daga Legas, inda laima take da yawa, za ta sake hali in ta kwana biyu a Tudun Wada, sai an sake daidaita wuyanta. Kada a jingine ta a bango kusa da taga, kada a bar ta cikin mota da rana, a riƙa goge tsirkiya da ƙyalle bayan kowane kiɗa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zuba kuɗi duka a kan jitar. Ba tare da amfilifaya ba, bes ba ta da murya. Ƙaramar mai wat 15 zuwa 25 ta isa ɗaki, amma lalle ta bes ce, domin lasifikar jita ta yau da kullum takan fashe in aka matsa mata da wannan sauti mai nauyi. Ga kuma waya, maratayi, jaka, da sitabilaiza saboda hawa da saukar wutar lantarki da ta janareto. Na'urar daidaita sauti kam ba dole ba ce yanzu, ana samun manhajarta kyauta a wayar hannu. Wanda kuɗinsa bai kai duka ba, ya sayi jitar da waya tukuna, ya nemi izinin shugaban ƙungiyar mawaƙa ya riƙa koyo da amfilifayar majami'a ko ta makaranta. Ranar sayayya kuma ya tafi da wanda ya iya kaɗawa, shi ya gwada, kai kana gefe kana sauraro.