Farfela mai kiɗa: Yadda ake mayar da tarkace abin jan ciniki

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san farfelar yara, wadda ake yi da karan dawa da takarda, yaro ya riƙe yana gudu iska na juya ta. To, a wasu ƙasashe wannan wasa ya wuce hannun yara ya zama sana'ar manya, inda ake haɗa farfela da ɗan makaɗin katako, iska na kaɗawa shi kuwa yana dukan ganga, babu batir babu lantarki.

A Amurka aka fi sanin wannan sana'a, kuma wanda ya fi yin fice a cikinta shi ne Vollis Simpson, wani mai gyaran injuna a jihar Karolina ta Arewa, wanda aka haifa a 1919 ya rasu a 2013. Tun yana soja a Yaƙin Duniya na Biyu ya haɗa injin wanki mai aiki da iska daga tarkacen jirgin sama. Da girma ya kama shi sai ya koma ƙera manya-manyan farfeloli da tsofaffin ƙarafa da ƙafafun keke da allunan hanya. A 2017 garin Wilson, wanda a da ya yi suna da kasuwar taba, ya buɗe fili na musamman da ke ɗauke da farfeloli 30 na wannan bawan Allah, wasu sun kai tsayin mita 15, baƙi na zuwa kallo daga nesa.

Yadda ake haɗa ta

Kayan aikin ba su fi ƙarfin kowa ba: guntun falanki, tsohon kwanon rufi, waya mai kauri, gwangwanin madara, ƙusoshi da robar tayar keke. Mai gyaran keke da kafinta da 'yan gwangwan duk suna da su a jibge.

Da farko a yanka fukafukai huɗu daga kwanon, girmansu ɗaya, kowane kamar taƙi guda da rabi. A kafa su a jikin guntun katako, a karkata kowane kamar kashi ɗaya cikin uku na kusurwar ɗaki, duk su fuskanci gefe guda. Idan suka miƙe sarai iska za ta tura su ne kawai, ba za su juya ba.

Sai a soka wayar a tsakiyar farfelar ta bi tsawon falankin, a lanƙwasa ta a wuri biyu kamar fedar keke, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Nan ne asirin yake. Daga kowace lanƙwasa a ɗaura siririyar waya zuwa hannun makaɗin, wanda aka rataya da ƙusa a kafaɗa ba a matse ba. Farfela na juyawa, hannun dama na sauka na hagu na tashi, gwangwani na amsawa. Wanda ya ɗaura busasshiyar fata a bakin gwangwanin zai ji amo mai kama da na ƙaramar ganga. Wanda kuma ba ya son siffar mutum saboda addini, sai ya bar gula biyu da ganga kawai, kiɗan ba zai canza ba.

A ƙarshe a kafa faffaɗar wutsiya a baya, domin ita ce ke juya farfelar ta fuskanci iska. A ɗora falankin a kan yatsa a gano inda nauyi ya daidaita, a huda nan, a zaunar da shi a kan ƙarfen da aka kafa a saman dogon itace.

Inda aiki ke ɓaci

Abu uku ne ke kashe farfela. Na farko, fiffike ɗaya ya fi sauran nauyi, sai ta yi ta rawa har ƙusoshi su kwance. Na biyu, gula ta danne fatar ta maƙale. Maganinsa a naɗa roba a bakinta, a bar ta tana taɓa fatar da ƙyar. Na uku ƙura. Iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas tun daga Nuwamba ita ce lokacin aikinta, amma tana zuwa da rairayi mai cin waya, don haka sai ana gogewa ana ɗiga mai. Idan hadarin farkon damina ya taso kuwa, a sauke ta. Gefen kwano kuma a ninke shi, kada ya yanki yaro.

A kasuwanni irin su Jibiya da Maraɗi da Illela da Birnin Ƙonni, inda rumfuna ke jere da kaya iri ɗaya, kowa neman abin da zai tsayar da mai wucewa yake yi. Wasu na kashe kuɗi wajen cajin lasifika kullum. Farfela mai kiɗa ba ta cin ko sisi bayan an haɗa ta, ga shi ta zama kwatance: rumfar da makaɗi ke sama. Manomin shinkafa ma na iya gwada ta wajen korar jan-baki, kamar yadda manoman tsibirin Bali a Indonesiya suka daɗe suna kafa farfelar gora mai ƙara a gonakinsu, sai dai tsuntsu na sabawa idan ba a canza mata wuri ba.

Maƙeran gwangwani da suka iya aci-bal-bal da murhu da mazurari ba za su rasa iya wannan ba. Da hanau gara mannau. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.